Faifan CD-R da aka ajiye ya ƙi buɗewa: ina matsalar take?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana. Faifan CD-R ne aka naɗi bayanai a kansa aka ajiye, fuskarsa tas, ba kwarzane ko ɗaya, amma bayan wasu shekaru in an saka a kwamfuta sai ta ƙi ganinsa, ko ta buɗe wasu fayiloli ta bar wasu. Shi kuwa faifan kamfani da ya sha jifa yana nan yana aiki. Me ke kawo haka? Sannan yaya ya kamata a riƙe shi, a goge, a ajiye?

Injiniya Rabi: Wa alaikumus salam Malam Nura. Kamarsu ɗaya a ido, amma cikinsu ya bambanta. Faifan kamfani buga shi ake yi, ramukan bayanan an danna su cikin robar kanta tun daga masana'anta, aka shafa alminiyam a kai. CD-R kuwa rini ne a ciki. Idan ka ɗauko shi daga ƙasa zuwa sama, da farko roba ce garai-garai da ake kira polikabonet, ita ce kusan duk kaurin faifan, wato milimita 1.2. A kanta akwai siririn shafen rini, a kan rinin shafen azurfa ko zinare mai mayar da haske, sai wani shafe kamar fenti da ya rufe ƙarfen, sai rubutun kamfani. Lokacin naɗa, hasken leza ne ke toya rinin ɗigo-ɗigo, wurin da ya toyu ya daina mayar da haske yadda ya kamata, na'ura ta karanta shi kamar rami. To rini abu ne mai tsufa. Haske da zafi da danshi suna cinsa a hankali har bambancin wurin da aka toya da wanda ba a toya ba ya dusashe. Shi ya sa za ka ga faifai fes, amma abin da ke ciki ya tafi.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne wannan: bayanan ba a fuskar mai ƙyalli suke ba. Suna can sama, dab da gefen da ake rubutu. Tsakanin bayananka da bakin biro babu komai sai wancan shafen da bai kai kaurin gashin kai ba.

Sadiya: Ikon Allah. Ashe masu kifa faifai a tebur, su mayar da fuskar mai ƙyalli sama don kada ta kwarzane, gefen da ya fi rauni suke gogawa a tebur?

Baba Ɗanjuma: Haka ne 'yata. Kwarzanen ƙasa da sauƙi, domin hasken leza yana shiga robar da faɗi, wajen milimita 0.8, sai ya tsuke ya zama ɗan ɗigo a kan rinin. Ƙaramin kwarzane ko ƙura a ƙasa ba ya tare hasken duka, kamar dai ƙwayar ƙura a gilashin tabarau, kana gani ta gefenta. Amma kwarzanen sama yana kankare azurfar da rinin tare, kuma abin da ya kankaru ya tafi ke nan, babu gyara. Ga gwaji mai sauƙi: ɗaga faifan ki kalli fitila ta cikinsa. Idan kin ga haske na ɓullowa ta ƙananan huji ko ta wani layi, to shafen sama ya samu rauni a nan.

Gaskiyar magana kada a kifa shi ta kowace fuska. Daga gidansa zuwa na'ura, daga na'ura zuwa gidansa. Riƙo kuma ta baki-baki, ko a sa yatsa a hujin tsakiya, babban yatsa a gefe. Wajen ciro shi daga gida a danna haƙoran tsakiyar nan tukuna sannan a ɗaga. Masu finciko shi ta gefe ɗaya yana lanƙwasa, su ne ke jawo tsagewa a bakin hujin, kuma faifan da hujinsa ya tsage kada a sake saka shi a na'ura mai gudu. A gudun 48x zuwa 52x, wato ninki 48 zuwa 52 na gudun karatun faifai na asali, yana juyawa wajen sau 10,000 a minti ɗaya, tsagar na iya buɗewa ya tarwatse a ciki ya tafi da na'urar.

Malam Habu: Bari in ɗauki batun gogewa. Kada a fara da tsumma. A fara hure ƙurar da ɗan famfon iska na roba irin na masu kyamara, domin in akwai ƙwayar yashi a kai ka ɗora ƙyalle, kai da kanka ka kwarzane shi. Hurawa da baki tana barin yawu. Bayan nan a samu ƙyalle mai laushi marar zare-zare, irin na goge tabarau, a goga daga hujin tsakiya a miƙe zuwa baki, a ɗaga hannu, a dawo tsakiya, a sake. Ba a zagayawa. Dalili kuwa, bayanan a layi ɗaya suke wanda ya nannaɗe daga tsakiya zuwa waje, tsawonsa ya haura kilomita 5, kuma a faɗin milimita ɗaya akwai zagaye wajen 600. Kwarzanen da ya ratsa layukan a gicciye kaɗan-kaɗan yake ɗauka daga kowane zagaye, tsarin gyaran kuskure na faifan ya cike gurbin. Wanda ya bi layin a zagaye kuwa yana share dogon zango a jere, kuma tsarin ba ya iya cike abin da ya wuce kamar milimita 2.5 na layin.

Idan shatin yatsa ne ko maiƙo, a jiƙa ƙyallen da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa marar ƙarfi, a ɗauraye, a tsane da busasshen ƙyalle, a bari ya bushe sarai kafin a saka. In ya ƙi fita, sifirit irin na aisofurofil, a ƙyalle ba a kan faifan kai tsaye ba, kuma a fuskar ƙasa kawai. Fetur, kananzir, sinadarin tsinka fenti da mai goge jan farce duk suna cin polikabonet, su bar shi da hazo ko ƙananan tsage-tsage. Takardar goge hannu ma ba ta da kyau, tana da kaushi fiye da yadda ake zato.

Nura: Na gode Malam. To maganar man goge baki fa? An ce yana gyara faifan da ya kwarzane.

Malam Habu: Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Farin man goge baki yana da ɗan gari mai laushi da ke cin roba kaɗan, sai ya daddale bakin kwarzanen, hasken ya daina karkacewa sosai. Ba cike ramin yake yi ba, rage kaifinsa yake yi.

Injiniya Rabi: Malam Habu, a nan sai na ɗan ja da kai. Ban ce ba ya aiki ba, amma a matsayin shawara ga mai faifai guda ɗaya tilo da ba shi da kwafi, hatsarinsa ya fi amfaninsa. Wajen gogawa ana danna faifan a kan wani abu, gefen sama ne ke shan nauyin, ga ruwa yana bi ta baki yana neman hanyar shiga ƙarƙashin shafen. Sannan hannu ba ya ci daidai, sai a bar hazo a inda da lafiya lau yake. Tsarin da ya dace, a fara kwashe duk abin da zai kwasu tukuna, a gwada na'ura biyu ko uku domin ba ƙarfin karatunsu ɗaya ba. Abin da ya rage bai fito ba, shi za a yi wa dabara, kuma injin goge faifai na musamman ya fi hannu nesa ba kusa ba, don yana cin fuskar bai ɗaya.

Malam Habu: Na yarda da wannan jerin, Injiniya. A kwafa tukuna, gogewa daga baya.

Sadiya: Tunda saman ne mai rauni, da me za a rubuta suna a kai? Kuma sitika fa?

Alhaji Tijjani: Hajiya Sadiya, biro da fensir a cire su gaba ɗaya, tsininsu yana dannawa har cikin azurfar. Alƙalamin maka mai taushin baki ake so, wadda tawadarta ta ruwa ce, ko wadda aka rubuta a jikinta cewa ta faifai ce. Masu warin nan mai hawa kai suna da sinadarin da ke iya ratsa shafen sama a hankali. Wuri mafi aminci shi ne ɗan zoben nan garai da ke kewaye da hujin tsakiya. Babu rini ko ƙarfe a wurin, roba ce zalla. A rubuta lamba kawai a nan, misali 014, cikakken bayanin kuma a rubuta a takardar gidan faifan ko a wani fayil daban.

Sitika kuwa matsalarta uku ce a haɗe. Gam ɗinta yana iya cin shafen. Takardar tana shan danshi ta saki, tana miƙewa tana tsukewa, har ta ja faifan ya ɗan lanƙwashe. In kuma ba ta zauna a tsakiya daidai ba, ko ƙaramar sitika ce a gefe ɗaya, faifan zai riƙa rawa in yana gudu, ka ji na'ura na gurnani. Wanda ya riga ya manna, kada ya ce zai ɓare, domin sau da yawa azurfar ce ke biyo takardar. A kwafe abin da ke ciki zuwa wani wuri, a bar sitikar inda take.

Baba Ɗanjuma: Mu koma kan tambayar Nura ta asali, wato faifan da ya mutu a ajiye. Rini iri uku ne aka fi sani. Sayanin shi ne na farko, na kamfanin Taiyo Yuden na Japan, yana ba da launin kore ko shuɗi-shuɗi, kuma shi ya fi jin haske, sai da aka riƙa ƙara masa sinadaran da ke sa shi ya daɗe. Falosayanin, wanda Mitsui Toatsu suka fito da shi, kusan ba shi da launi, faifan sai ya fito kamar azurfa mai ɗan kore-kore ko ruwan zinare, shi ne ya fi jure haske da zafi. Sai azo na Mitsubishi, wanda ake samu a faya-fayan Verbatim, shuɗi ne mai duhu. Ko wanne ne dai, rana ba ta raga masa. Faifan da aka bari a gaban gilashin mota ko bakin taga, fuskar naɗi na kallon sama, abu biyu ke samunsa lokaci guda: hasken na kashe rinin, zafin na lanƙwasa robar.

Sai ƙarfen. Azurfa tana baƙi in ta haɗu da iska mai sinadarin farar wuta, ga danshi na taimaka mata. Yawanci ta bakin faifan ake fara gani, wani launin ƙasa-ƙasa ko ɗigo-ɗigo yana shigowa ciki. Zinare ba ya wannan, shi ya sa faifan adana na dogon lokaci ake yinsa da zinare da falosayanin.

Nura: Ke nan in na ga faifai ruwan zinare in saya kawai?

Injiniya Rabi: A'a ɗan'uwa, launi na ruɗi. Akwai masu shafa fenti ruwan zinare a sama alhali ƙarfen ciki azurfa ce, akwai kuma masu saka launi a robar. Sunan da ke kan kwali ma ba lallai shi ne wanda ya ƙera ba, kamfanoni da yawa sari suke yi su buga sunansu. Abin da ba ya ƙarya shi ne bayanin da ke cikin siririyar hanyar da aka zana a faifan tun yana sabo, wanda ake kira ATIP. Manhaja irin ImgBurn tana karanta shi ta nuna maka ainihin masana'antar. Taiyo Yuden da ake yabo sun daina yin faifai a 2015, saboda haka ganin sunan a kasuwa yau ba hujja ba ce sai an duba.

Malam Habu: Akwai abin da ba a taɓo ba. Faifai da yawa tun ranar naɗi aka haife su da ciwo. Ni ra'ayina a naɗa a gudu mafi ƙanƙanta da na'ura ta yarda, 4x ko ƙasa da haka.

Injiniya Rabi: Wannan shawarar zamanin da ce, Malam. Faya-fayan da aka rubuta wa 48x ko 52x an haɗa rininsu ne don naɗi mai sauri, kuma na'urorin baya-bayan nan da yawa ba su da tsarin toyi mai kyau a can ƙasa, wasu ma ba sa sauka ƙasa da 8x ko 16x ko ka zaɓa. Tsaka-tsaki ya fi, kamar 16x zuwa 24x. A can ƙololuwa kuma kuskure ya fi yawa a bakin faifan, inda layin ke wucewa da gudu kuma rawar faifan ta fi yawa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a so a cika shi maƙil. Mai megabait 700 a tsaya wajen 650, tunda daga tsakiya ake fara rubutu, fayilolin ƙarshe su ne a baki, bakin kuma shi ne ke shan yatsu da danshi da bugu. Wannan ya amsa tambayar Nura ta me ya sa wasu fayiloli ke buɗewa wasu su ƙi.

Kafin naɗi a duba fuskar sabon faifan. Ƙura a lokacin karatu ana iya gogewa a sake, amma ƙura a lokacin naɗi tana tare lezar, wurin bai toyu ba ke nan har abada. A naɗa komai a zama ɗaya, a rufe faifan, a kuma kunna zaɓin tantancewa don manhajar ta karanta abin da ta rubuta ta gwada da na asali. Naɗi kashi-kashi yana cin wuri, fiye da megabait 20 a karon farko da wajen 13 a kowane ƙari, kuma faifan da ba a rufe ba wasu na'urori ba sa ganinsa sam.

Malam Habu: To, a kan sababbin faya-fayai na sallama. Amma tsohon faifai da aka rubuta wa 8x, kada a tura shi sama da abin da aka rubuta.

Injiniya Rabi: Wannan kam babu ja.

Sadiya: Tunda zafi ne abokin gaba, a saka a firij mana?

Alhaji Tijjani: Kada ki soma. Sanyin ba shi ne matsalar ba, fitowar ce. Da zarar faifai mai sanyi ya shaƙi iskar ɗaki sai raɓa ta kwanta masa, kuma roba da ƙarfe da shafen sama ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna, yawan shiga da fita yana sa su fara rabuwa. Jagorar da hukumar ƙa'idojin awo ta Amurka, wato NIST, ta fitar a 2003 ta ba da tsakanin digiri 4 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, danshin iska kuma kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Wanda ba zai samu haka ba, ya nemi wuri mafi sanyi da duhu da bushewa a ɗakin, wanda yanayinsa ba ya hawa da sauka, nesa da taga da rufin kwano da bayan na'urori masu fitar da zafi. Akwati mai murfi da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi a ciki yana taimakawa ƙwarai, don danshi mai yawa har fumfuna yake kawowa. In faifai ya fito daga wuri mai sanyi zuwa mai ɗumi, a bar shi cikin gidansa ya daidaita da ɗumin wurin kafin a buɗe.

A jera su a tsaye kamar littattafai, kowanne a gidansa na roba mai tauri, wanda ke riƙe shi ta tsakiya fuskokin ba sa taɓa komai. Tara su a kwance kan sanda ɗaya bayan an naɗa yana sa su gogi juna, na ƙasa kuma ya sha nauyi. Jakar nan mai aljihuna da ake zurawa a zaro, kowace zurawa gogayya ce, wasu robobin masu laushi kuma in sun ji zafi suna manne wa saman faifan su ɗauke rubutun har da abin da ke ƙarƙashinsa. Kada kuma a ɗaure faya-fayai tsirara da robar ɗauri.

Nura: Yaya mutum zai gane faifai ya fara lalacewa tun bai mutu ba?

Injiniya Rabi: Da ido ba ka cika ganewa ba, domin tsarin gyaran kuskure yana rufa masa asiri har sai abin ya fi ƙarfinsa. Mataki biyu ne, C1 da C2. Kuskuren C1 kowane faifai yana da shi, ƙa'ida ta yarda har 220 a daƙiƙa, faifai mai kyau kuwa yana can ƙasa sosai da haka. Idan C2 ya fara bayyana, lokacin kwashe kaya ya yi. Ana aunawa da manhaja irin Nero DiscSpeed, sai dai ba kowace na'ura ce ke ba da wannan rahoton ba, na kamfanonin Plextor da Lite-On ne aka sani da shi. Alamar da kowa zai iya lura da ita kuwa, na'ura ta riƙa rage gudu tana ƙarawa, ko kwafin da ya saba ƙarewa cikin minti kaɗan ya riƙa tsayawa a wuri ɗaya.

Faifan bayanai ya fi na sauti kariya. A kowane yanki mai bait 2352, na bayanai 2048 kawai yake ba ka, yawancin ragowar na ƙarin gyaran kuskure ne. Na sauti yana cinye wurin duka, in ya rasa wani abu sai na'urar ta yi kintace ta cike, ba za ka sani ba. Mai son adana sauti ya ajiye shi a matsayin fayil ya fi masa.

Baba Ɗanjuma: In an zo ceto, kada a tsaya jan fayil ɗaya-ɗaya, kwamfuta za ta maƙale a na farkon da ya lalace. A kwafi faifan gaba ɗaya zuwa fayil guda da manhajar GNU ddrescue ko IsoBuster. Shi ddrescue yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ya rubuta taswirar inda ya gagara, sannan ya dawo musu. Da wannan taswirar za ka iya canza na'ura ka ci gaba daga inda aka tsaya, abin da ta farko ta kasa ta biyu ta ɗauko. A rage gudun karatu zuwa ƙasa. Nan gaba kuma duk abin da za a naɗa a yi kwafi biyu a faya-fayan masana'anta daban-daban, a ajiye su wuri daban, a haɗa da lambar tantancewa ta SHA-256 don in an kwafo a san ko ya fito daidai. Duk shekara biyu ko uku a ciro a gwada.

Sadiya: Duk wannan ya shafi CD-RW da DVD-R?

Injiniya Rabi: Riƙo da gogewa da ajiya duk ɗaya ne. CD-RW, wanda ake gogewa a sake naɗa, ba rini ne a cikinsa ba, gaurayen ƙarfe ne na azurfa da indiyam da antimoni da teluriyam, wanda zafin leza ke sauya wa yanayi a rubuta a goge, wajen sau 1,000. Hasken da yake mayarwa kaɗan ne, shi ya sa tsofaffin na'urori ba sa karanta shi, kuma ba a yi shi don dogon ajiya ba. DVD-R kuwa rini ne, amma an saka shi a tsakiya, tsakanin roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowacce da aka manne da gam. Saboda haka samansa ba shi da raunin na CD-R. Nasa raunin lanƙwasawa ne, musamman wajen finciko shi daga gida mai taurin haƙora, domin ɓangarorin biyu suna fara rabuwa daga hujin tsakiya, za ki ga kamar wani gajimare ya shiga tsakaninsu.